Littafin mai da na buɗe wa tirelarmu

A shekarar 2022, lokacin da litar gas ta tashi daga wajen naira 300 ta haura 700 cikin 'yan watanni, na fara zargin direbanmu da shan mai. Tirela ɗaya gare mu, DAF 'yar Beljiyam da mahaifinmu ya bar mana, tana ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Legas. Direban kuwa tun ina firamare yake jan mota a gidanmu, Kawu nake ce masa. Duk tafiya sai ya kira daga Mokwa ko Jebba ya ce a ƙara kuɗin mai, ni kuma ina Birnin Kebbi ina ta buga lissafi, raina na ɓaci.

Ƙanena da ke karatun injiniya shi ya ƙara wa wutar fetur. Ya ce irin motar nan a Turai, da cikakken kaya, ba ta wuce lita 30 zuwa 35 a kilomita 100. Ya ce can gwamnati ce ke sa wa kamfanonin ƙera manyan motoci ƙa'ida. Japan ce ta fara, da ma'aunin da ta ce a cim ma a 2015. Amurka ta fitar da nata a 2011, zamanin Obama, ya fara aiki a kan motocin 2014, aka ƙara tsaurara shi a 2016. Tarayyar Turai sai 2019 ta yi doka, ta ce sababbin manyan motoci su rage iskar kabon da kashi 15 cikin ɗari zuwa 2025, kuma ba a rage wannan iska sai an rage man da injin ke ƙonawa. Na ɗauki lita 35 ɗin nan na riƙe kamar aya. Na ninka ta da nisan hanya, sama da kilomita 800, na ga giɓi, na yanke wa Kawu hukunci a zuciyata.

Sai na ce zan bi shi Legas. Ya dube ni ya ce, "To ɗana, Allah ya kai mu," bai ƙara ko kalma ba.

A Jega na sa aka cika tanki har wuya, na rubuta a littafin makaranta mai shafi arba'in. Mitar motar ta mutu tun da daɗewa, don haka da taswirar waya na riƙa auna nisa. Tun kafin mu fita gari na fara ganin abin da lissafina bai sani ba. Lita 35 ɗin Turawa ta mota ce da nauyinta duka, har da ita kanta, bai wuce tan 40 ba. Mu kuwa an jera buhuna sun wuce bodi, an ɗaure da igiya, fatake sun hau can sama da jakunkunansu. Ni ne ma na matsa a ƙara buhu a tafiyar, don kuɗin lodi ya fi auki. Hular da ke saman kan motar, mai karkatar da iska, ni na sa mai walda ya cire ta bara da ta tsage, na ce ai kwalliya ce.

Daga Koko zuwa Yauri, mu wuce Kontagora, ban ga Kawu ya samu minti goma a babbar giya ba. Rami, birki, a sauko giya ta biyu, a taka totur, injin ya yi gurnani, baƙin hayaƙi ya turnuƙe madubi. Kowane shinge a tsaya, a sake tayar da wannan nauyi daga tsaye, kuma nan mai ke tafiya. Da muka kwana a hanya sai na ji injin na ta aiki. Na ce, "Kawu, ba za ku kashe ba?" Ya ce, "In na kashe, ku za ku tura ta da asuba? Wata nawa ina cewa a sayi batir?" Na yi shiru, don saƙon yana cikin wayata.

A Mokwa na sa fakaneza ya auna tayoyin baya da geji, ba bugun ƙarfe da yaron mota ke yi yana sauraren ƙara ba. Huɗu iskarsu ta yi ƙasa sosai. Taya mai laushi tana lanƙwasa tana zafi, injin ke biyan kuɗin wannan zafin. Da muka sauke a kasuwar Mile 12 ta Legas na sake cika tanki har wuya na raba. Ta sha fiye da lita 50 a kilomita 100, ina zaune a gaba, ba jarkar da ta fita.

Abin da na fahimta daga baya shi ne dokokin can a kan mai ƙera sabuwar mota suke, ba a kan direba ba. Motarmu ta girme su duka. Ko rubutun Euro 3 da dillali ya yi ta nuna wa mahaifinmu maganar gurɓatar hayaƙi ce, ba ta shan mai ba. In ma sabuwa ce fil, ba injiniyan da ya auna ta a kan hanyar Kontagora da mutum goma sha a saman albasa.

Na sayi batir, na canja matatar iska da ta toshe da ƙurar hunturu, aka gyara nozul, aka mayar da hular. Rage lodi ne ya fi mini ciwo, kuma har yau ban rage yadda ya kamata ba, gaskiya ɗaya ce. Man ya sauko, ba zuwa 35 ba, amma kiran Mokwa ya ragu.

Ban taɓa gaya wa Kawu dalilin tafiyar ba. Ranar da muka dawo, yana wanke fuska a bakin famfo, ya miƙo mini littafin da na manta a mota ya ce, "Bar shi nan wurin yaro ya riƙa rubutawa. Babanka ma sai da ya bi ni Anacha sau ɗaya."