Danna Rabi, Ka Jira

Kawuna ya yi shekaru yana ɗaukar hoton biki da suna a cikin birnin Kano, tun zamanin da mai hoto ke shigowa gidan biki da jaka a kafaɗa, ya ɗauka ya tafi, sai bayan kwana biyu ko uku ya dawo da hotuna a ambulan, kowa ya zaɓi nasa ya biya. Da idonsa ya fara rauni, wayoyi kuma suka cika gari, sai ya ajiye sana'ar. Ni da kyamarar zamani na fara koyo, irin wadda za ka ɗauki ɗari biyar a wuni ɗaya ka goge ɗari huɗu ba ka ji komai ba. Wata rana na je gaishe shi, ya sa aka jawo tsohuwar jakar daga ƙarƙashin gado, ya miƙo mini. Canon EOS 650 ce, baƙa, da gilashi mai milimita 50 a bakinta.

"Ɗana, tafi da ita," in ji shi. "Tana da ido nata na kanta, amma ba ta san wanda kake nufi ba. Kai za ka gaya mata."

A lokacin ban fahimci maganar ba, sai da fim biyu suka tafi a banza.

Kyamarar ta girme ni. Kafin tsakiyar shekarun 1980, galibi mai hoto da hannunsa yake murza zoben gilashi har fuskar da yake so ta fito fes. A 1985 kamfanin Minolta ya fito da samfurin 7000, wadda ke saita kanta da ƙaramin inji a cikin jikinta, kasuwa kuwa ta juya. A 1987 Canon ya biyo da wannan 650 ɗin, shi kuma ya sa injin a cikin kowane gilashi. Da wannan tsarin Canon ya ci gaba, saboda haka gilashin Kawu ya hau kyamarata ta zamani daram, ba tare da wata dabara ba. Wannan ya sa na ɗauka cewa abu ɗaya ne, fim kawai aka ƙara. Nan na fara kuskure.

Matsalar farko batir ce. Irin waɗannan kyamarori ba sa ko motsi idan babu wuta a jikinsu: jan fim, buɗe labulen haske, saiti, duk inji ke yi. Batirinta 2CR5 ne mai bolt 6, ba irin na rediyo ko tocila ba, kuma na zaga shaguna da dama kafin na haƙura na yi odarsa ta intanet. Tun daga nan biyu nake saye, kuma ina cire shi idan zan ajiye ta ta kwana biyu. Sa fim bai ba ni wahala ba. Ka buɗe bayan, ka zaunar da gwangwanin fim ɗin, ka ja harshen fim ɗin zuwa alamar nan mai ruwan lemo, ka rufe, sai ka ji ta ja da kanta har lamba 1 ta fito. A jikin gwangwanin akwai wasu ƴan murabba'ai baƙi da azurfa, ana ce musu DX, Kodak ne ya ɓullo da su a 1983, ta nan kyamara ke gane ko fim ɗin mai ƙarfin 200 ne ko 400, wato yadda yake saurin kama haske. Abu ɗaya Kawu ya ja mini kunne a kai: kada yatsana ya kuskura ya taɓa siririn labulen da ke tsakiya, domin ya fi ganyen zogale laushi, idan ya lanƙwashe kuma shi ke nan.

Fim na farko a walimar saukar Alƙur'ani ta ƙanwata na ƙarar da shi. Da hotuna suka dawo, sai na ga abin da ya sa jikina ya yi sanyi. Duk hoton da mutum biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, fuskokinsu sun yi dishi-dishi, bangon da ke bayansu kuwa ya fito tas, har tsagar siminti ana gani. Na kai wa Kawu. Ya ɗaga hoto ɗaya dab da idonsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce in leƙa ta tagar kyamarar in faɗa masa me na gani a tsakiya. Na ce wani ɗan akwati ne ƙarami. Ya ce to, wannan shi ne idon, guda ɗaya tak. Abin da ya faɗa cikin akwatin nan shi take saitawa. Ni kuma na sa mutum ɗaya dama, ɗaya hagu, na bar mata bango a tsakiya, ta yi mini aikin da na sa ta.

Maganin abin a yatsa yake. Madannin ɗauka hawa biyu gare shi. Ka ɗora akwatin a kan idon wanda kake so, ka danna rabi, ka ji injin ya yi ɗan gurnani ya tsaya, wani ɗigo kore ya kama a ƙasan taga. Kada ka ɗaga yatsa. A haka za ka karkata kyamarar ka tsara hoton yadda kake so, sannan ka ƙarasa dannawa. Faɗarsa da sauƙi, amma yatsan da ya saba da waya ba ya son tsayawa a rabi. Na yi mako guda ina yawo a tsakar gida da kyamarar babu fim, ina saita randa, ina saita kaza, ina saita igiyar shanya, har yatsan ya gane inda hawa na farko ya ƙare.

A nan ne kuma na gane cewa idon nata bambanci yake nema, wurin da haske da duhu suka haɗu. Ka nuna mata farin bango ko shadda marar aiki, sai gilashin ya yi ta kai da komo, ɗigon ya yi ta ƙiftawa, ta ƙi ɗauka sam. Ka matsar da akwatin kan aikin wuyan riga, ko zanen hula, ko gefen ido, nan take ta kama. Layin da ya miƙe tsaye ya fi mata sauƙin gani a kan wanda ya kwanta, don haka idan ta tirje nakan ɗan karkata ta, ta kama, in mayar da ita daidai. Bayan magariba kuwa, idan haske ya yi ƙasa, na daina wahalar da ita. Akwai ɗan makunni a jikin gilashi, sai in tura shi daga AF zuwa M in murza da hannu.

Darasin da ya fi daɗewa kafin ya zauna mini shi ne na haske, kuma ina ganin ya fi shafar mu a nan fiye da mutanen ƙasashen da ake yin kyamarorin. Ma'aunin hasken da ke cikinta yana ɗaukar duk abin da ya gani ya nemi mayar da shi tsaka-tsaki, kamar ruwan toka. Mu kuwa ranar Juma'a ko ranar ɗaurin aure, dattijo zai fito da farar babbar riga ƙal, ya tsaya cikin rana tsaka, ga fuskarsa baƙa ƙarƙashin inuwar rawani. Kyamara ta ga fari ya cika ko'ina, sai ta ce haske ya yi yawa, ta rage. Rigar ta fito kamar an wanke ta da ruwan toka, fuskar kuma ta nutse, ba ido ba hanci. Haka hoton wani malamin unguwarmu ya fito a fim na biyu, mutumin da na girmama, na kasa kai masa.

Na koyi hanyoyi biyu. Ta farko, in ƙara mata haske da mataki ɗaya, wato +1, duk lokacin da fari ya yi yawa. Ta biyu, akwai madanni a baya da ke sa ta auna tsakiya kaɗai, sai in matsa kusa in auna fuskar ita kanta. Fim mai launi yana jure yawan haske fiye da ƙarancinsa. Idan ka ɗan zarce, mai wanki zai iya daidaitawa, amma inda haske bai taɓa ba babu abin da za a ciro. Sai kuma abin da ya fi duka, wanda Kawu ya ce shi ma ubangidansa ne ya koya masa: ka roƙi mutum ya matsa cikin zaure ko inuwar darbejiya, ya fuskanci inda haske ke shigowa. A can baƙar fata ke fitowa da sheƙinta, farar riga kuma ta riƙe aikinta. Na daɗe ina jin nauyin cewa babba ya matsa, ina ganin rashin kunya ne. Ashe idan ka durƙusa ka ce, "Baba, da za a ɗan dawo nan, hoton zai fi kyau," babu wanda ke ƙi.

Abin da ya taimake ni na haɗa duk wannan ɗan littafi ne na aljihu. Fim ba ya nuna maka komai a take, hoto 36 ne, kuma masu wanki sun yi ƙaranci har sai na tara biyu ko uku in aika wani gari, in jira makonni. Kafin su dawo na manta me na yi. Sai na fara rubutawa: lamba 14, ƙofar gida, la'asar, f/4 (faɗin ƙofar haske), 1/250 na daƙiƙa (saurin buɗewar labule), na ƙara haske mataki ɗaya. Idan hotuna suka iso, in baje su a tabarma in bi littafin layi-layi. A haka na gano cewa duk hoton da saurinsa ya gaza 1/60 da wannan gilashin, rawar hannuna ke ɓata shi, ba saiti ba. Na gano kuma cewa harafin Av ya fi dacewa da ni, inda ni zan zaɓi faɗin ƙofar haske, ita ta zaɓi sauri.

Zafi da ƙura ma sun koya mini nasu. Fim ɗin da na bari a mota cikin watan Afrilu ya dawo da launi a jirkice. Yanzu a firji nake ajiye wanda ban buɗe ba, in fito da shi ya huce kafin in sa. Da hunturu kuma ba na sauya gilashi ko buɗe bayanta a fili, domin ƙwayar yashi ɗaya kan iya jan layi tun daga hoton farko har na ƙarshe.

Ranar Hawan Daushe na tafi Ƙofar Kudu da fim ɗaya mai ƙarfin 400. Na san idon kyamarar shekarun 1980 ba zai bi dokin da ya taho a sukwane ba, don haka ban tilasta mata ba. Na zaɓi wani wuri a ƙasa inda na ga dawakai na bi, na saita shi, na tura makunnin zuwa M don kada ta sake motsawa, na sa saurin 1/1000, na tsaya. Ayari uku suka wuce ban danna ba. Na huɗu, wani mahayi mai jan rawani ya shigo daidai wurin, ƙura ta tashi a bayansa, na danna sau ɗaya.

Bayan mako uku na kai wa Kawu hoton, na sa an buga masa shi babba saboda idonsa. Ya fita da shi bakin zaure inda haske yake, ya bi linzamin da yatsa har zuwa idon dokin. Ya tambaye ni guda nawa na ɗauka kafin na samu wannan, na ce ɗaya. Ya ce in bar masa shi, sannan ya aika yaro ya ɗauko masa filashar da ya riƙe bai ba ni ba tun farko.