Allura tana tsakiya, man giya yana dahuwa a hawan Mambila

Har yau idan na ji direba yana cewa "ai allura ba ta motsa ba", sai in ji raina ya ɓaci. Allurar nan ta gaban sitiyari zafin ruwan inji kaɗai take nunawa, ba ruwanta da man giya. Ni da kuɗina na sayi wannan karatu.

Hilux ce mai giya otomatik, na ɗaura mata tirela da janareta da buhunan siminti, za mu kai Gembu. Daga Jalingo zuwa Bali har Serti babu abin faɗa. Muna wuce Mayo Selbe hanya ta fara nannaɗe dutse, kwana kan kwana, ba inda za ka saki mota. Giya tana D, tana ta kai-komo tsakanin ta biyu da ta uku. Iska ta soma sanyi, allura na nan tsakiya cif, hankalina kwance. Yaron motata ne ya ce, "Maigida, ba ka jin ƙauri?" Kafin in ba shi amsa fitilar A/T OIL TEMP, mai gargaɗin zafin man giya, ta kama.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, idan mota tana rarrafe da kaya, kwanbatan giya, wato abin da ke haɗa inji da giya ta hanyar mai, yana ta sulɓewa yana markaɗa mai, zafi kuwa daga nan yake fitowa. Man yana bi ta ƙasan lagireto ne ya huce, ga shi iska ba ta shiga sosai tunda ba gudu ake ba. Lafiyarsa tsakanin digiri 80 zuwa 95 take, ya haura 120 ya fara lalacewa. Fitilar kuwa sai aikin gama ya gama take magana. Wannan ne ke ci mini rai.

Na samu gefe na tsaya, muka sa duwatsu a tayoyi, na mai da giya P na bar inji yana aiki. Yaron ya so in kashe mu kwara ruwa, na hana. Ka kashe inji, famfon mai ya tsaya, fanka ta tsaya, zafin ya zauna a ciki. Da fitilar ta mutu sai na kulle giya a ta biyu, na kashe AC, na bar inji yana kuka har Nguroje. Kukan nan da muke tsoro shi ne sauƙin motar. A dawowa ma da giya ta biyu na gangaro, don birki shi ma yana ƙonewa.

Bakanike ya ɗiga man a farar takarda. Wanda na sani ja garau ya koma ruwan ƙasa, yana wari kamar ƙonanniyar gyaɗa. Mun juye shi, amma giyar ba ta daina fizga ba sai da aka buɗe ta, kuɗin kuwa ba na son tunawa.

Yanzu na ƙara mata ƙaramin lagireton man giya a gaba, na kuma jona na'urar OBD, mai karanto bayanan kwamfutar mota, da ke turo zafin zuwa wayata. Da idona na ga ruwa yana 90, mai yana 115, allura ko gezau. Da man ya doshi 110 nake sauke giya.

Wani kuma wai shawararsa in cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, mota ta sha iska. Tamostat ɗin me ya yi?