Haɗa firinta da folda a gida: inda muke saɓawa da masu gida

Sana'armu gyaran kwamfuta ce da haɗa intanet a gidaje da ƙananan ofisoshi a nan Kano, ni da yarana. Kiran da muka fi samu na firinta ne. An sayi guda ɗaya, ana so kwamfutar maigida da ta uwargida da ta yaran da ke jami'a duk su riƙa tura mata aiki. Kafin mu tashi sai a ce a buɗe folda ɗaya da kowa zai riƙa ajiya a ciki. Haɗawar ba ta cin lokaci. Abin da ke ci shi ne tantance wanda zai shiga da wanda ba zai shiga ba.

Akwai hanyar gaggawa da masu gyara da yawa ke bi: a ba kowa izinin karantawa da rubutawa a foldar, a kashe tambayar kalmar sirri a Windows, aiki ya tashi nan take, a karɓi kuɗi. Illarta kuwa, duk na'urar da ta hau waifai ɗin gidan za ta iya buɗe foldar, ta kwafa, ta goge. Kalmar sirrin waifai a gidajenmu ba ta daɗewa tana sirri. Yaro ya ba abokinsa, abokin ya ba 'yan majalisar ƙofar gida, ga shi tun fitowar Android 10 a 2019 waya na nuna lambar QR da wani zai ɗauka ya hau ba tare da an faɗa masa komai ba.

Shi ya sa nake fara buɗe shafin rauta, wato na'urar da ke ba da waifai, a gaban maigida, in nuna masa jerin na'urorin da ke kai. Sau da yawa sai ya gyara zaman tabarau ya ce, "Injiniya, duk waɗannan na gidan nan ne?" In ce, "Ranka ya daɗe, ƙirga wayoyin gidanka mu gani." A foldar kuwa ga takardun fili, ga hoton fasfo da na NIN, ga bayanan banki, ga hotunan bikin iyali. Daga nan gardama ke raguwa. Kowa a buɗe masa asusunsa da kalmar sirrinsa, yara a ba su izinin karantawa kawai, baƙi kuma a ware musu waifai na daban idan rautar na da shi. Kamar zaure ne: baƙo ya zauna ya sha ruwa, amma bai ga tsakar gida ba.

Inda muka fi wahala shi ne tsofaffin kaya. Windows na raba fayiloli da firinta ta wata ƙa'ida mai suna SMB, ta ƙofa mai lamba 445. Tsohon samfurinta, SMB1, shi ne hanyar da WannaCry, wata manhajar neman kuɗin fansa, ta bi a watan Mayun 2017, ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Microsoft ya riga ya fitar da maganin tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su sabunta ba ne abin ya ci. To a nan garin, kwamfuta nawa ake kashe wa sabuntawa don kada ta cinye data? Har gobe muna tarar da Windows 7, wanda aka daina tallafa masa tun Janairun 2020, shi ne ke riƙe da firintar gida.

Sai kuma injinan fotokwafi na gwanjo, 'yan Beljiyam. Suna da ƙarko, ba a musu, amma da yawansu ba sa iya tura sikanin zuwa folda sai ta SMB1, wanda sababbin Windows 10 suka daina zuwa da shi a kunne tun ƙarshen 2017. Mai injin zai ce, "Malam, ka kunna mini kawai, da can yana yi." Ni ba na kunnawa a kwamfutar da ke ɗauke da takardu masu muhimmanci. Ko dai a riƙa sikanin a filash, ko a ware wata tsohuwar kwamfuta da ba a ajiye komai a kanta. Wasu sukan yi fushi su nemi wani mai gyaran, kuma suna samu.

Ita kanta firintar tana da shafin saiti, galibi babu kalmar sirri ko kuma ta masana'anta ce. A 2018 wani ya sa firintoci kusan 50,000 da aka bari a buɗe ga intanet suka buga saƙon tallar wani mai tashar YouTube, a 2021 kuma aka gano ɓarakar da aka kira PrintNightmare a sashen buga takardu na Windows. Gaskiyar magana, gidan da ke amfani da MiFi na layin waya yawanci ba a iya kai wa ga firintarsa kai tsaye daga waje, don haka ba na tsorata mutane da 'yan kutsen ƙetare. Nakan dai sa wa shafin kalmar sirri, in kashe UPnP (mai barin na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa ga intanet) da WPS (mai barin a hau waifai ba a rubuta kalmar sirri ba) a rauta, in wuce.

Laftof ɗin ɗalibai na fi sa wa ido, don ita ce ke fita. A gida a saita waifai a matsayin na gida, a makaranta ko otal a bar shi a matsayin na jama'a, sai Windows ya rufe rabon da kansa. Foldar haɗaka kuma ba ma'ajiyar tsaro ba ce, domin manhajar neman kuɗin fansa tana kulle duk abin da kwamfutar ke da izinin rubutu a kai. Muna sa a sayi hadis na waje, wato faifan ajiyar da ake jonawa a kwamfuta, a kwafa, a zare shi a sa a durowa.

Idan mun gama, yarona ke rubuta kalmomin sirrin a takarda ya miƙa wa maigida hannu da hannu. Ta shafin rauta kuwa maigida ne ke shigar da sabuwa da kansa, mu muna waje muna naɗe waya.