Asabar: ni da Sarki Luwi a bakin kogi

Yau yayyafi ya tsare ni a ɗaki har bayan azahar. Da ya ɗauke na fita miƙe ƙafa bakin Kogin Sen a birnin Paris, inda masu tsofaffin littattafai ke buɗe korayen akwatunansu. A wurin wani dattijo na ci karo da zane baƙi da fari, kwafi ne dai, na Sarki Luwi na 14 na Faransa yana ƙetare Kogin Rhin don yaƙar Holan a 1672. Na daɗe a tsaye har dattijon ya soma gyaran murya.

Ga sarki bisa keken dawaki, cikin sulke irin na Rumawa, aradu a hannunsa kamar shi ke ba hadari izini. Mata masu fukafukai na shawagi a samansa, wata na busa ƙaho. Shi kuwa kogin an mai da shi tsoho mai gemu, ya zazzaro ido don tsoro. Abin da ya ba ni dariya, a Yunin shekarar ruwa ya ja baya, mahaya suka bi mashigi a Tolhuis, sojojin Holan da ke tsallake ba su taka kara sun karya ba. Mai aradun ma ta gadar jiragen ruwa ya haye daga baya.

Ai aikin maroƙa ne, sai dai da tagulla. Minista Colbert ke fitar da kuɗi, Charles Le Brun, mai zanen sarki, ya tsara, gwanaye irin su Audran da Edelinck su ƙwarzana a farantin tagulla. A shafa tawada, a danne takarda, faranti ɗaya ya haifi ɗaruruwa. Wasu a ɗaure su littafi a ba jakadu kyauta. Kalandar shekara ma haka: kwanaki a matse can ƙasa, sarki ya cinye takardar. Nan na tuna kalandar 'yan takara a shagon telan unguwarmu.

Mutanen Holan ba su bar bashi ba. Mai zanensu Romeyn de Hooghe ya ɗauki sana'ar nan, ya zana Luwi a matsayin ɗan kama.

Na taya, dattijo ya ce albarka. Na ce, "Baba, kwafi ne fa." Ya ce shi ma bai ce Luwi ne ya ba shi ba. Na sayi katin gaisuwa biyu na kama hanyar jirgin ƙasa kafin magariba.