Sunan da ke bayan kwali

Sana'ata saye da sayar da tsofaffin fayafayan garmaho ce, kuma ba kowane iri ba: na kiɗan heavy metal na Birtaniya, galibi waɗanda aka buga daga 1970 zuwa ƙarshen shekarun 1980. Shagon ɗan ƙarami ne a Birmingham. Ni ne mai shago, ni ne akawu, ni ne mai shara, sai ɗan yayata da ke kama mini ranar Asabar. Wani cinikin a kan kanta ake yin sa, amma mafi yawa ta intanet yake zuwa, ta Discogs, inda masu tara fayafayai na duniya ke haɗuwa.

Garin shi ya ba ni sana'ar. A unguwar Aston 'yan ƙungiyar Black Sabbath suka tashi, Judas Priest ma 'yan wannan yanki ne. A wata masana'antar ƙarfe ta nan inji ya datse wa Tony Iommi, mai kaɗa jitar Black Sabbath, kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17, abin da ya sa ya koma amfani da siraran tsirkiya, daga baya kuma ya sassauta ɗaurin jitarsa, sautin ya yi ƙasa ya yi nauyi. Samarin da suka sayi waɗannan fayafayai suna sababbi yau sun haura saba'in. Hajata daga wurinsu take fitowa: wanda zai koma ƙaramin gida, ko iyalan da ke kwashe kayan mamaci, ko kasuwar gwanjo ta safiyar Lahadi inda kowa ke baje kaya a bayan motarsa.

Kwastoma idan ya ɗauki faifai hoton gaba yake kallo. Ɗan kasuwa juya shi yake yi, ya nemi ƙananan rubutun baya: wane kamfani, wace shekara, wane sitidiyo, wa ya yi furodusa. Furodusa a wannan harka shi ne mutumin da ke zaune bayan gilashi lokacin ɗaukar sauti. Shi ke cewa a sake, shi ke cewa ya isa, shi ke yanke inda za a ajiye makirfo da yadda ganga za ta fito a kan jita. Makaɗa ɗaya, waƙoƙi iri ɗaya, amma ka canza wannan mutum, faifan ya zama wani abu dabam. Masu tarawa na gaske sun san haka, shi ya sa akwatunan da ke bayan kantata ba da sunan ƙungiya na jera su ba, da sunan furodusa na jera.

Akwati na farko na Rodger Bain ne. Shi ya yi faifan Black Sabbath na farko, wanda aka ɗauka a sitidiyon Regent Sound da ke Landan cikin kusan yini guda, ya fito ranar 13 ga Fabrairu 1970 a ƙarƙashin kamfanin Vertigo. Shi ya yi Paranoid a wannan shekarar, da Master of Reality a 1971. Gwanintar Bain ita ce rashin shisshigi. Ya bar yaran suka buga kamar yadda suke bugawa a gidajen rawa, ya ɗauka, aka ƙara ƙarar ruwan sama da tsawa da ƙararrawa a farkon faifan, shi ke nan. Da ya koma kan Judas Priest a 1974 ya yi musu Rocka Rolla a kamfanin Gull, abin bai yi armashi ba, sautin ya fito siriri, su kansu makaɗan ba su ji daɗinsa ba. Ina sayar da shi, ana saye don tarihi, amma ban taɓa ce wa kowa zai more kunnensa ba.

Bari in nuna yadda ake duba Paranoid idan an kawo shi, don a nan kuɗin yake. Da farko tambarin tsakiya. Vertigo na farkon zamani zane ne baƙi da fari mai murɗewa, wanda idan faifan na juyawa sai ka ji kamar jiri zai ɗebe ka. Gefe ɗaya zanen ne zalla, duk rubutun yana ɗaya gefen. A 1973 kamfanin ya sauya tambari, fayafayan Sabbath kuma aka riƙa sake buga su da sunan WWA, daga baya NEMS, don haka da ka ga waɗannan ka san ba bugun farko ba ne. Sai lamba: 6360 011. Sai a buɗe kwalin a duba ciki, ko akwai sunan Jim Simpson, manajansu na farko, da kamfaninsa Big Bear. An cire sunan bayan sun rabu da shi, saboda haka kwalin da ke ɗauke da shi ya riga sauran fitowa. Daga nan sai a kai faifan ƙarƙashin fitila, a karkata shi, a karanta lambobin da ke ɗan filin nan mai santsi tsakanin waƙar ƙarshe da tambari. Su ke faɗin wane yanka ne, na farko ko na baya. Kamar sayen rago ne, ba a yarda da ƙaho sai an buɗe baki an ga haƙora.

Ɗan yayata ya taɓa tambayata, "Kawu, ba waƙar ɗaya ba ce? Me zai sa mutum ya biya ninki goma?" Na sa masa bugun 1970 da wani bugun baya a jere, ban ce komai ba. Dalilin kuwa a fili yake. Daga kaset ɗin asali ake yanka sautin a kan wani faranti, daga farantin a yi ƙarfen da ke danna robar. Ƙarfen yana cinyewa da yawan bugu, kuma yankan baya sau da yawa daga kwafin kaset ake yin sa, ba daga asalin ba. Bugun farko shi ya fi kusa da abin da furodusa ya ji ya ce ya yi. A wannan ɗan filin ne kuma masu yanka ke barin alamarsu. George Peckham, wanda ake kira Porky, da hannu yake karce laƙabinsa, akwai kwastomomin da shi kaɗai suke nema.

Injiniyan da ya yi aiki da Bain a waɗannan fayafayai uku na Sabbath shi ne Tom Allom, wanda daga baya ya zama furodusan Judas Priest tun daga 1979 har 1988. British Steel na 1980 a Tittenhurst Park suka ɗauke shi, gidan Ringo Starr na ƙungiyar Beatles, wanda a da na abokin kiɗansa John Lennon ne. Ba kwamfutar da za ta ba su sauti a lokacin, sai suka ɗauko tiren cokula da wuƙaƙe daga kicin suna jijjigawa don ya ba da ƙarar takun ƙarfe, suka farfasa kwalaben madara don ƙarar fashewar gilashi. British Steel ba shi da tsada, an buga shi da yawa. Shi nake miƙa wa duk wanda ya shigo ya ce yanzu zai fara tarawa.

Amma in don ni ne, Martin Birch ya fi su duka, kuma akwatinsa ya fi kowane cika. Ya fara da injiniya, hannunsa na cikin In Rock da Machine Head na Deep Purple, na biyun shi aka ɗauka a Montreux ta ƙasar Switzerland bayan gobarar da ta cinye gidan cacan garin a Disamba 1971. Ya yi Rising na Rainbow a 1976. Da Sabbath suka sallami mawaƙinsu Ozzy Osbourne suka ɗauko Ronnie James Dio, mutane da yawa sun ɗauka tasu ta ƙare, sai Birch ya yi musu Heaven and Hell a 1980. Sannan Iron Maiden, daga Killers na 1981 har Fear of the Dark na 1992, inda ya ajiye aiki gaba ɗaya. Ya rasu a 2020.

Wanda ke son ya ji aikin furodusa da kunnensa, ya saurari faifan Iron Maiden na farko, na 1980, wanda Will Malone ya yi, sannan ya sa Killers. Steve Harris, jagoran ƙungiyar, bai taɓa ɓoye cewa sautin na farkon bai gamsar da shi ba. A hannun Birch kowane kayan kiɗa ya samu wurin zamansa, ana jin jitar Harris mai kauri daram ba ta nutse ba. Birch ba mutum ne mai sauƙi ba. Mawaƙin ƙungiyar Bruce Dickinson ya sha ba da labarin yadda Birch ya sa shi maimaita layukan farko na wata waƙa na sa'o'i lokacin aikin The Number of the Beast a 1982, har ransa ya ɓaci, kafin ya yarda. Faifan ya hau mataki na ɗaya a Birtaniya. Yaran kan tsokane shi da laƙabi a bayan kwali, kowane faifai da nasa. A Killers hedimasta suka kira shi.

Abin da ya fi tsada kuwa ba aikin waɗannan manya ba ne. Wajen 1979 zuwa 1982 ƙananan ƙungiyoyi sun cika Ingila, suna buga fayafayansu da kuɗin aljihu. The Soundhouse Tapes na Iron Maiden, ƙaramin faifai na 1979, kwafi 5,000 aka buga. Diamond Head na Stourbridge sun fitar da Lightning to the Nations a 1980 cikin farin kwali ba hoto, sai sa hannun ɗaya daga cikinsu. Kamfanin Neat da ke Wallsend ya fitar da Venom da Raven daga wani ɗan sitidiyo. Gaskiya sautin wasunsu kamar a gareji aka ɗauka. Ƙaranci ke sayar da su, ba daɗi ba, kuma inda ƙaranci yake nan jabu ke taruwa. Soundhouse Tapes na bogi sun yi yawa a kasuwa, har wanda ya kawo maka ma sau da yawa bai san jabu ne a hannunsa ba. Idan zuciyata ba ta kwanta ba, nakan ce Allah ya kawo kasuwa, in mayar masa da abinsa.

Sauran aikin ba abin burgewa a ciki. Wanki: kowane faifai sai ya bi ta injin wankewa, a sauya masa rigar ciki. Saurare: karcen da ido ke gani wani lokaci allura ba ta jin sa, wanda ba a gani kuma ya yi ta ƙas-ƙas, saboda haka mai tsada sai na saurare shi gefe biyu kafin in sa masa daraja. Idan ina shakka tsakanin mataki biyu, na ƙasa nake rubutawa, domin kwastoman Jafan ko Jamus da ya ji an cuce shi ba ya dawowa, kuma zai rubuta a inda kowa zai gani. Kwali ma kuɗi ne. Master of Reality da fostarsa da wanda babu ita ba farashinsu ɗaya ba. Wajen aikawa ana fitar da faifan daga kwalinsa a ajiye gefe a cikin kunshin, in ba haka ba girgizar hanya ta sa ya tsaga bakin kwalin. Tun Janairu 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, kowane kunshi da zai tsallaka sai da takardar kwastan, mai saye kuma ya biya haraji. Ƙananan odar Turai da yawa sun ɗauke ƙafa.

'Yan uwa a masallaci sukan tambaye ni game da hotunan, ƙwarangwal da shaiɗanu da sauransu. Tambaya ce mai kyau. Gicciyen da aka kifar a cikin kwalin Sabbath na farko, makaɗan sun ce kamfani ne ya sa ba da saninsu ba, kuma yawancin abin talla ne don a firgita iyaye a jawo 'ya'yansu. Duk da haka akwai kwalayen da ba na kafewa a taga, suna cikin akwati, mai nema ya tambaya.

Bayan wasan bankwana na Sabbath a filin Villa Park ranar 5 ga Yuli 2025, da rasuwar Ozzy ranar 22 ga watan, duk wani abu mai sunansu ya ƙare a shagon, har bugun NEMS da ya daɗe yana shan ƙura. Masu kawo kaya su ma suka ɗaga farashi, kowa na ganin zinariya ce a ɗakinsa. Ban bi su ba. Kuɗin da na samu na zuba a aikin da furodusa Vic Maile ya yi wa Motörhead, da na Chris Tsangarides, wanda ya yi wa Judas Priest Painkiller a 1990, lokacin da CD ya riga ya ci kasuwa ana buga faifai kaɗan. Su ne yanzu nake bi gida-gida ina nema.