Na bi sawun faya-fayan babanmu har New York

Kwana 9 ke nan da dawowata Zariya, amma har yanzu barcina bai koma daidai ba. Ƙarfe 3 na dare idona biyu, shi ya sa na ce bari in rubuta tun abin bai huce ba. Aiki ne ya kai ni Amurka, taron kwana 4 da ba shi da wani labari. Labarin yana cikin kwana 6 da na ƙara daga aljihuna a New York, dalilinsu kuwa wani kwali ne da ke ƙarƙashin gadona, cike da faya-fayan garmaho 31 da marigayi babanmu ya bari, dukansu na kiɗan jaz. Muna yara a Samaru, in ya ɗora allura ran Lahadi da hantsi, sai Inna ta ce to, an kunna kiɗan nan da ba a san inda ya dosa ba. Ni kaɗai na gaji kunnensa a gidan. A bayan kwalin wasu faya-fayan an rubuta wurin da aka naɗe su da ranar, sai na kwafe a takarda, na ƙara da abin da na sani, na cusa cikin fasfo.

Takardar nan ta so ta ja mini. Jami'in da ya karɓi fasfona a filin jirgi ya tambaye ni me zan yi da sauran kwanakin, na ce zan je in ga inda gwanayen jaz Miles Davis da John Coltrane suka yi kiɗa. Ya dubi hulata, ya dubi koren fasfo, ya ce me ɗan Najeriya ya sani game da Coltrane? Na buɗe baki zan amsa, ya ɗaga mini hannu kamar mai korar kaza. Aka tura ni wani ɗaki, na yi sa'a 2 a kan kujerar roba, ba wanda ya ce mini ci kanka. A ƙarshe aka zazzage jakata, aka ɗauke kilishin da na riƙo wa mai masaukina aka jefa a kwandon shara. Doka ce, ba a shiga ƙasarsu da nama, na yarda laifina ne. Amma ko a kan iyakar Jibiya, mai ƙwace maka kaya yakan amsa sallamarka tukuna.

Mai masaukin nawa abokin yayan matata ne, direban tasi a unguwar Bronx, haifaffen zangon Kumasi. Alhaji muke ce masa. Hausarsa irin ta Gana ce wadda ba ruwanta da mace ko namiji, "matata ya dafa maka wake" ya ce da ni ranar farko, aka kuwa kawo shinkafa da wake mai jan launi da yaji mai sa hawaye. Ya tashi ɗansa daga gado ya ba ni, yaron ya koma falo. Da na ba shi labarin kilishi ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Malam, da ka tambaye ni! Ai ko ƙashin kifi ka ɓoye, karensu zai tona ka."

Na fara da Titi na 30, gabashin Manhattan, inda kamfanin Columbia yake da ɗakin naɗar sauti a cikin wata tsohuwar majami'a. A nan aka yi faifan Miles mai suna Kind of Blue a zama biyu kacal, 2 ga Maris da 22 ga Afrilu 1959. Miles da ƙahonsa, Coltrane da Cannonball Adderley a saksafon, Bill Evans a piyano (Wynton Kelly ya karɓe shi a kiɗa ɗaya), Paul Chambers da Jimmy Cobb suna riƙe da gindin kiɗan. Miles bai kawo musu cikakken rubutu ba, ɗan zane ne kawai na inda sauti zai bi, sauran kowa ya ƙago nan take. Abin da babanmu yake ƙoƙarin fahimtar da Inna ke nan, yana cewa ai haka Shata yake yi, masu kalangu su riƙe masa, shi kuma ya zuba abin da ya zo bakinsa. Inna ta ce Shata dai ana jin abin da yake faɗa.

Na isa wurin na tarar ba majami'a, ba ɗakin naɗa. An rushe tun farkon shekarun 1980, an ɗora benen haya. Wata mata ta fito da kare a igiya ta harare ni don na daɗe ina kallon ƙofarsu. Ina tsaye na tuna cewa faifan ya fito 17 ga Agusta 1959, bayan kwana 8 'yan sanda suka fasa wa Miles kai a ƙofar gidan kiɗa na Birdland. Ya raka wata baturiya ta hau tasi, ya tsaya shan iska, ɗan sanda ya ce ya bar wurin, shi kuma ya nuna masa sunansa a allon ƙofa. Da na tuna wannan, sai sa'a 2 da na yi a kujerar roba ta ƙanƙance a idona, ko da yake ba ta fita raina ba.

Shagon tsofaffin faya-fayai shi ya cinye mini yini guda, kuma ban yi da-na-sani ba. Mai shagon dattijo ne mai tabarau a kan tsinin hanci. Na ɗauko wani faifan kamfanin Blue Note, na ga an manna dala 900. Na ɗauka kuskure ne, na ce masa babu ragi? Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. Su ba sa tayi. Abin da aka manna shi ne, kuma in ka je biya a ƙara maka haraji a kai, abin da har na baro ƙasar ban saba da shi ba. A kasuwar Sabon Gari in mutum ya ce maka dubu 5, ka san za ku rabu a 3 da rabi kowa yana murmushi. A can a ce maka 10, ka miƙa 10, a tsaya ana kallonka ana jiran cikon.

Da ya ga da gaske nake, sai ya sauko. Ya karkata faifan ga fitila ya nuna mini wasu haruffa uku, RVG, a ɗan filin da ke tsakanin ƙarshen kiɗa da tambarin tsakiya. Alamar Rudy Van Gelder ce, likitan ido wanda da rana yake gwada wa mutane tabarau, da yamma ya naɗi makaɗa a falon iyayensa a Hackensack, har 1959 da ya gina nasa ɗakin naɗar a garin Englewood Cliffs. Bugun farko mai wannan alama shi masu tarawa suke kashe dukiya a kai. Zuciyata ta buga. Na fita waje na kira uwargida ta WhatsApp, na ce ta jawo kwalin nan ta haska mini da tocila. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, tana mita an tashe ta cikin dare. Babu RVG ko ɗaya. Galibi bugun Ingila ne na baya-baya, gara kuma ta ci gefen kwalaye 4. Ta ce, "To maigida, ashe dai gadon namu bai kai kuɗin jirgi ba."

Na koma ciki na ba dattijon labari, ya tambaye ni wane gari ne a Najeriya. Na ce Zariya, ina tsammanin zai ce ina ne nan. Sai ya ajiye tabarau ya ce Yusef Lateef! Ya shige can ƙurya ya fito da faifai mai suna In Nigeria. Na san Lateef, mai busa saksafon da sarewa, faifansa Eastern Sounds na 1961 yana cikin kwalinmu, kuma babanmu yakan ce ya sha hango shi a harabar jami'a. Mutumin Detroit ne, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1981 zuwa 1985 a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya, yana bincike a kan sarewar Fulani, kuma ba ya son a kira kiɗansa jaz. Amma wannan faifan, da aka naɗa a Legas a 1983, babanmu bai taɓa mallakarsa ba. Ni na haye teku ina neman inda kiɗansu ya fito, ga nasu gwanin ya yi shekara 4 a bayan gidanmu yana sauraron makiyaya. An manna dala 25. Dattijon da ya ce ba ya ragi ya karɓi 10, ya ce harajin ma ya ɗauke. Har yanzu ban gane lissafin mutanen nan ba.

Ran Litinin da dare na je gidan kiɗan jaz na Village Vanguard. Ƙofa ce 'yar ƙarama mai jar rumfa, sai matakala ƙuntatacciya ta gangara da kai ƙarƙashin ƙasa, cikin ɗaki mai kusurwa uku da ke ɗaukar mutum 123. Zauren mai unguwarmu ya fi shi sarari. Tun 1935 yake a nan, kuma tun 1966 babbar ƙungiyar makaɗa take busa a cikinsa duk Litinin. Dala 40 na biya, ga dokar sai ka sayi abin sha, na karɓi lemo a farashin da zai saya mini katan guda a gida, sannan mai kawowa yana jiran tukuici, wanda a can ba kyauta ba ce, bashi ne. Na yi kuskuren bugawa da kuɗinmu, lemon ya tsaya mini a wuya.

Amma da masu ƙaho suka saki iska lokaci guda, wallahi sai da gashin jikina ya tashi. Babu abin da zan kwatanta shi da shi sai ranar hawan daushe in kakaki da algaita sun haɗu a kusa da kunnenka. Wani saurayi ya miƙe ya yi busa mai tsawo, ban san lokacin da na ce "Kai! Allah ya ƙara basira!" da ƙarfi ba. Kawuna suka juyo, wata ta ɗora yatsa a leɓe. Su tafi suke yi in mutum ya gama, sannan kowa ya koma tsit kamar ana zaman makoki. Da a gida ne, da tuni an tashi an yi wa yaron nan liƙi har goshinsa ya ɓace. Abin da ya ba ni dariya, a wannan ɗaki Bill Evans ya naɗi Sunday at the Village Vanguard ranar 25 ga Yuni 1961, kuma a faifan babanmu kana jin ƙarar kofuna da surutun mutane, ba su ma damu da abin da ake yi a gabansu ba. Kwana 11 bayan nan Scott LaFaro, mai kaɗa babban gogen nan da ya kai tsayin mutum, ya rasu a haɗarin mota yana da shekara 25. Lokacin da gwanayen suke raye ana hira a kansu, yanzu da suka tafi aka koyi ladabi.

Englewood Cliffs kuwa Alhaji ne ya ce shi zai kai ni, bayan sallar asuba, kafin ya fara ɗaukar fasinja. Muka haye gadar George Washington zuwa New Jersey. Ɗakin Van Gelder yana nan, a ɓoye cikin itatuwa tsakanin ofisoshi, a rufe, daga bakin titi muka tsaya. Na kunna masa faifan A Love Supreme a mota, na ce a cikin ginin can Coltrane da McCoy Tyner da Jimmy Garrison da Elvin Jones suka yi shi a dare ɗaya, 9 ga Disamba 1964, kuma godiya ce ga Ubangiji daga mutumin da ya sha fama da miyagun ƙwayoyi ya rabu da su a 1957. Alhaji ya yi shiru yana bin sautin nan huɗu da ke ta maimaituwa a ƙasa, can ya ce, "Malam, wannan ai kamar zikiri ne." Na ce da yawansu sun musulunta, Tyner ɗin nan, da Ahmad Jamal, da Lateef, da Art Blakey wanda ya ɗauki suna Abdullah Ibn Buhaina, galibi ta hannun 'yan Ahmadiyya. Nan fa Alhaji ya buɗe wa'azi har muka dawo gada. Na zaro kuɗin haye gada, ya ce in na sake zai sauke ni a tsakiyar ruwa.

Sauran na bi su a gurguje. Gidan mai ƙaho Louis Armstrong a unguwar Corona, inda ya zauna daga 1943 har ya rasu a 1971, ƙaramin gida ne a layin talakawa, sai dai banɗakinsa duk madubi ne da famfo mai ruwan zinariya. Alhaji ya ce kakanninsa sun ba da labarin zuwansa Accra a 1956. A Harlem na tsaya a matakalar Titi na 126 inda makaɗa 57 suka taru aka yi musu hoto a 1958, sannan na gangara kasuwar Titi na 116 na yi hira da wani ɗan Maraɗi mai sayar da huluna, shi kam ya yarda da tayi. Maƙabartar Woodlawn, inda Miles da makaɗin piyano Duke Ellington suke kwance kusa da juna, ruwan sama ya hana ni.

Faifan Lateef a hannu na riƙo shi, naɗe cikin rawanin da Alhaji ya ba ni, tun daga New York har Abuja har Zariya, bai ko tsage ba. Sai da na ɗora shi na tarar allurar garmahon babanmu ta mutu. Wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari ya ce zai sa a nemo mini a Kano, in dawo ran Alhamis.