Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Takardar da Baffa ya hana

A makon jiya na tsaya a inda iddar uwar yara ta cika, 'yan'uwanta suka zo suka kwashe kayan ɗaki. A ranar ne na ce a zauna a rubuta yadda za a yi da yaran. Baffa yana kishingiɗe a zaure ya ce, "Mu gidanmu ba a yin takarda da surukai. Bakin dattijo shi ne takarda." Har gobe in na tuna sai raina ya sosu.

Bakin dattijon bai kai mu ko'ina ba. Da farko in na sauko daga Juma'a sai in biya, a fito mini da su zaure. Can sai aka fara: sun yi barci, suna islamiyya, Hajiya ta tafi da su gidan suna. A bakin mai shagon layinsu na ji an sauya wa babban makaranta. Ni da nake biyan kuɗin!

Mu dai a gidanmu da an yaye ɗa yake komawa wajen ubansa. Haka aka yi da ni, haka aka yi da Yaya. Da muka je gaban alƙali sai ya karanto abin da ke cikin Risala, littafin fiƙihun Malikiyya: riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta sake aure ma ba hannuna za su dawo ba, kakarsu ta wajen uwa ce za ta karɓa, bayanta 'yar'uwar uwa. Kawun yaran har da murmushi. Murmushin bai daɗe ba, don alƙali ya ci gaba da cewa ci da sha, sutura da magani a wuyana suke, amma walicci nawa ne, maganar karatunsu ba a yanke ta a bayan idona, kuma ba mai ikon hana ni ganinsu.

Nan aka yi sulhu aka rubuta. Yara za su riƙa kwana a wajena daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi, mako ɗaya a tsallake ɗaya. Dogon hutu a raba biyu. Ƙaramar Salla a can, Babbar Salla a nan, don su ga yankan ragon ubansu. Ba a fita da su daga Kano sai da sanina. Shaidu biyu suka sa hannu, aka buga hatimi, kowa ya karɓi kwafinsa.

Abin da nake alfahari da shi, ni na nace a rubuta abinci da kwano maimakon naira: kwano kaza na shinkafa, kaza na masara, kaza na wake duk wata. Kawun ya so kuɗi a hannu, ya san dalilinsa. Da aka cire tallafin man fetur a 2023, farashi ya yi tashin gwauron zabi, mutane nawa na gani suna komawa kotu kan kuɗin ciyarwa? Mu ko tari ba wanda ya yi. Na ma yi gaba da yawa, wannan shekaru ne bayan abin da nake ba ku labari.

Baffa ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata. Wai na kai surukai ƙara, na zubar masa da girma. Allah ya jiƙansa, amma lokacin da nake tsayuwa a ƙofar gidan mutane ana ce mini yara sun yi barci da la'asar sakaliya, bakin dattijo bai taka ya je ya tambayi dalili ba.

Shekarun da suka biyo ba wani abin faɗa a cikinsu. Sai ranar da Inna ta aiko a kira ni daga kasuwa, ta ce an kawo kuɗin auren uwar yara, mijin a Maraɗi yake zaune, kuma tana so ta tafi da ƙaramar.

Mu haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.